Rigar Aro: Daga Edward G. Robinson Zuwa Umaru Ganda

Duk shekara, da zarar an gama girbin masara da dawa, an tsince auduga an kai ta ma'auna, sai tashar motar Malumfashi ta cika da samari. Kowa da 'yar jakarsa, wani da tabarma a naɗe, za a tafi ci-rani: wasu Kaduna, wasu Abuja, masu dogon zango kuma Legas ko Fatakwal. A kakar da ta wuce na raka ɗan ƙanwata tashar, yaro ɗan shekara 19 da ya gama sakandare bai samu halin ci gaba ba, yana acaba a wata unguwa da ke bayan garin Legas. Muna tsaye sai na ji abokansa suna ƙwala masa kira da sunan wani ɗan ƙwallon Turai, shi kuma yana amsawa da fara'a. Raina ya sosu, domin sunan kakanmu yaron ya ci. Na ce masa, "Kai yanzu sunan da aka yanka maka rago da shi ya yi maka kaɗan ke nan?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, a yi haƙuri. A can babu wanda ya damu da sunana. Gaba ɗayanmu 'Aboki' suke ce mana. Gara wannan, tunda ni na zaɓa da kaina."

Na koma gida maganar tana yi mini yawo a ka. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muka yi karatu a Zariya cikin shekarun 1970, muka riƙa satar jiki zuwa silima a Sabon Gari, ai mun san yadda aka yi. A ajinmu akwai Jango, akwai Janwen, wato John Wayne na fina-finan kaboyi, daga baya kuma Burusli da Amita suka shigo. Wasu cikinmu har suka yi furfura sunan bai sake su ba. Ashe ciwon daɗaɗɗe ne. Wannan tunani shi ya tuno mini da wasu mutane biyu da ba su taɓa zama gari ɗaya ba, amma suna ɗaya ya haɗa su: wani ɗan wasan fim na Amurka, da wani ɗan ci-rani daga maƙwabciyarmu Nijar. Ina ganin akwai abin lura a tarihinsu ga duk wanda ke da ɗa ko ƙane a hanya.

Bari mu fara da mai sunan. Edward G. Robinson yana cikin manyan taurarin Hollywood na zamanin fim baƙi-da-fari. Sai dai shi kansa sunan nan na aro ne. Sunansa na yanka Emanuel Goldenberg, an haife shi a birnin Bukares na ƙasar Romaniya ranar 12 ga Disamba, 1893, a gidan Yahudawa. Tsangwamar da ake yi wa Yahudawa a ƙasar, wadda ta kai ga an far wa wani ɗan'uwansa, ita ta sa iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ya sauka New York a 1904 yana ɗan shekara 10, ya tashi a unguwar talakawan baƙin haure. Da farko aikin lauya ya so yi, daga baya wasan kwaikwayo ya ja shi, ya samu gurbin karatu kyauta a makarantar koyon wasa. A nan ne ya ga cewa sunan Goldenberg zai riƙa shiga gabansa duk inda ya nufa, ya ɗauki sunan da zai yi wa kunnen Amurkawa sauƙi. Abu ɗaya ya riƙe: harafin G da ke tsakiya, wanda ke tsaye a madadin sunan gidansu.

Ya shafe shekaru yana wasan dandamali kafin 1931, lokacin da kamfanin Warner Brothers ya fitar da fim ɗin Little Caesar. Robinson ya fito a matsayin Rico, wani ɗan ta'adda mara imani da ya taso daga ba komai ya zama uban daba a babban birni, ƙarshe ya mutu a wulaƙance. Gajere ne, mai faɗin fuska, ba shi da irin kyan da ake nema ga jarumi, amma yadda yake taune taba sigari yana magana ta gefen baki ya sa duniya ta haddace shi. Abin mamaki, mutumin ba haka yake ba a zahiri. Mai karatu ne, mai jin harsuna da dama, mai tara zane-zanen manyan masu zane na Turai. Har ana ba da labarin cewa ƙarar bindiga kan sa ya runtse ido, sai da masu ɗaukar fim suka yi dabarar maƙale masa fatar ido. Ya yi fina-finai sama da 100, ciki har da Double Indemnity a 1944 da Key Largo a 1948, kuma tun 1939 ya fito a ɗaya daga cikin fina-finan farko da wani babban kamfanin Amurka ya yi don tona asirin 'yan Nazi. Duk da haka, rigar Rico ba ta taɓa fita daga jikinsa a idon 'yan kallo ba.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce. Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Amurka ta shiga farautar masu ra'ayin gurguzu, taimakon da Robinson ya yi wa ƙungiyoyin adawa da Nazi ya zama abin tuhuma. Ya gurfana gaban kwamitin majalisar wakilai a 1950 da kuma 1952, ya ce yaudararsa aka yi, har ya ambaci sunayen wasu, abin da ya zame masa tabo. Manyan kamfanoni suka ja baya da shi, ya koma ƙananan fina-finai, sai a 1956 Cecil B. DeMille ya ba shi matsayi a The Ten Commandments. A daidai wannan lokaci aurensa ya mutu, dole ta sa aka sayar da zane-zanen da ya shekara yana tarawa ga wani attajirin jiragen ruwa ɗan ƙasar Girka a kan sama da dala miliyan 3. Ya rasu ranar 26 ga Janairu, 1973. Duk tsawon aikinsa ba a taɓa sa shi cikin 'yan takarar lambar Oscar ba. Ta girmamawa da aka yanke shawarar ba shi, matarsa ce ta karɓa wata biyu bayan an binne shi.

To, a 1957, wato lokacin da mai sunan yake ƙoƙarin farfaɗowa a Amurka, akwai wani saurayi a Treichville, unguwar leburori a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, da abokansa ke kira Edward G. Robinson. Sunansa Umaru Ganda, ko Oumarou Ganda a rubutun Faransanci. Bazabarme ne, an haife shi a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kwashe su zuwa Indo-Cina, inda Biyetnam take a yau, don su kare wa Faransa mulkin mallakar da ƙarshe ya ruguje a 1954. Ya dawo gida babu aikin yi, sai ya bi sahun dubban 'yan Nijar da ke gangarawa gaɓar teku neman abin kai wa baka. Ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, yau a ɗauke shi aiki, gobe a ce babu.

A nan ya gamu da Jean Rouch, wani Bafaranshe da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Rouch yana binciken 'yan ci-ranin Nijar, ya ɗauki Ganda ya taya shi tattara bayanai, daga nan ya sa shi gaban kyamara. Abin da ya fito shi ne Moi, un noir, ma'ana "Ni, baƙar fata", wanda ya ci lambar Louis Delluc ta Faransa a 1958. Fim ɗin ya bi wasu samarin Nijar tsawon mako guda a Treichville, kowannensu da sunan aro daga silima: ga Robinson, ga Eddie Constantine, ga Tarzan, ga wata yarinya Dorothy Lamour. An ɗauki hotunan babu sauti, sannan aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana a kai yadda ransa ya ba shi. A farkon fim ɗin ya bayyana cewa kamannin fuska ne ya jawo masa laƙabin, kuma ba ya faɗin sunansa na gaskiya saboda shi baƙo ne a Abijan. Duk wanda ya ji wannan, ya kuma ji amsar ɗan ƙanwata a tashar Malumfashi, ya san magana ɗaya ce, ko da yake sama da shekara 60 ne tsakaninsu.

Na kalli fim ɗin, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshensa. Ganda yana tafe a bakin ruwa da wani ƙaramin yaro, yana ba shi labarin yaƙin Indo-Cina, yana faɗuwa ƙasa yana tashi, yana kwatanta jifa da gurneti, yana faɗin yadda abokai suka mutu a gabansa kuma shi bai tsira da komai ba. A wannan wuri babu sauran Robinson, sai tsohon soja da ke da labari a cikinsa yana cin sa. Masana fim a Faransa, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba wa fim ɗin matuƙa, har ana lissafa shi cikin abubuwan da suka share wa sabon salon fim na Faransa hanya. Amma yabon ya tafi ne ga mai riƙe da kyamara. Shi ya sa a 1965 Usman Sembene na Senegal ya gaya wa Rouch baki da baki cewa irinsu suna kallon mutanen Afirka ne kamar yadda ake nazarin ƙwari. Ba na cikin masu jifan Rouch, domin ya ƙaunaci Nijar, a kan hanyarta ma ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai. Sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin da ya bambanta Ganda da dubban masu sunan aro shi ne bai tsaya nan ba. Ya koma Yamai, ya shiga wani ƙaramin kulob na koyon ɗaukar fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya koyi aikin tun daga tushe. A 1969 aka nuna fim ɗinsa na farko, Cabascabo, a bikin fina-finai na Cannes, kuma ya samu lambar yabo a Masko a shekarar. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito jarumi, kuma da Zabarmanci aka yi magana. Labarin wani soja ne da ya dawo daga Indo-Cina da 'yan kuɗinsa, maroƙa da mata da abokan cin mushe suka yanyame shi, kuɗi suka ƙare kowa ya watse, ya koma neman aikin lebura a gaban waɗanda da suke sara masa. Wanene a Malumfashi ko Funtuwa ko Bakori bai san ɗan ci-ranin da ya dawo da sabon rediyo da agogo, kafin damina ta faɗi ya sayar da su ya ci bashin iri ba?

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya taɓo inda ya fi zafi: wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya sa kuɗi ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, ya ajiye ta ta uku, kishi ya kai ga zubar da jini. Da wannan fim ne Ganda ya zama mutum na farko da ya ci babbar lambar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu, a 1972. Bayansa ya yi Saïtane, kan wani malamin tsibbu da ke cin amanar masu zuwa wurinsa, sannan L'Exilé a 1980, wanda ya gina kan tatsuniya game da nauyin alkawari. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981, bai wuce shekara 45 ba. A yau akwai babbar cibiyar al'adu a Yamai mai ɗauke da sunansa, kuma lambar da FESPACO ke bai wa wanda ya fi kowa a fim ɗinsa na farko, sunan Umaru Ganda take amsawa. Yaron da ya ɓoye sunansa a Abijan, yanzu matasan Afirka ke fafutukar a haɗa sunansu da nasa.

Na san mai karatu zai iya cewa na ɗauko mutum ɗaya cikin dubu na kafa hujja da shi. Gaskiya ne, kuma aron hali daga allon silima yana da nasa sharrin. Tun a Amurka an zargi Little Caesar da ire-irensa da ƙawata ta'addanci a idon yara, abin da ya taimaka wajen tsaurara dokar tace fina-finai a 1934. Mu ma mun ga ƙauraye da 'yan daba da suka ari suna suka haɗa da wuƙa. Haka kuma hanyar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Zalika Souley, wadda ta fito a fina-finan Ganda kuma take cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a wannan yanki, jama'a sun kasa raba ta da matan banzan da take kwaikwayo, ta sha zagi, ta tsufa cikin rashi har sai da ta je aikatau ƙasar waje, kamar yadda Rahmatou Keïta ta nuna a fim ɗin tarihinta na 2004. Ta rasu a 2021. Duk wannan na yarda da shi.

Amma abin da nake so mu lura da shi shi ne dalilin aron. Goldenberg ya ari suna ne domin ƙasar da ya je ba ta shirya jin nasa ba. Ganda ya ari na Robinson domin a Abijan shi lamba ce kawai a layin 'yan dako. Ɗan ƙanwata ya ari na ɗan ƙwallo domin a Legas an riga an yi masa suna na jam'i. Wanda aka ƙi tambayarsa sunansa, ba abin mamaki ba ne ya nemi wanda za a waiwaya idan an ji. Kayan aro ba ya rufe katara, haka ne, amma faɗa da zagi ba sa ɗinka wa yaro riga. Abin da ya fitar da Ganda daga rigar Robinson shi ne ya samu wurin koyo, ya samu kyamara, ya kuma samu waɗanda suka ɗauka cewa labarin ɗan dako ya isa a saurara.

Nan ne nake ganin mu 'yan boko na Arewa muke da abin amsawa. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, muka shafe shekaru muna sukar 'yan fim ɗin Hausa da kwaikwayon Indiyawa, da rawa da waƙa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. To amma me muka ajiye musu su kwaikwaya? Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɓacewa ya yi shekara da shekaru, sai da aka tsinto faya-fayensa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi da taimakon Jamusawa, aka nuna shi a Balin a 2018. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, ya bi shi a 2019, Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, a 2023. Ɗalibi nawa ne a jihar nan zai iya zuwa wani ɗaki ya zauna ya kalli ayyukansu a jere? Yaron da bai ga na gida ba, na waje zai ɗauka, ko ana so ko ba a so.

Alhali kuwa labari ba ya yi mana ƙaranci. Yankin nan namu da ke ciyar da kasuwannin hatsi na Arewa ta Yamma ya ga abin da bai taɓa gani ba a 'yan shekarun nan. A nan maƙwabtanmu Ƙanƙara, ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya aka yi daji da su. Manoma a Faskari da Sabuwa da Dandume sun san abin da ake nufi da barin gona da amfani a tsaye. Da yawa cikin samarin da ke cika tasha ba kwaɗayin birni ne ya kore su ba. Duniya ta ji labarin nan, amma daga bakin wa? Galibi daga bakin wanda ya zo da kyamara ya kwana biyu ya koma. Yaran Ƙanƙara na wancan dare yanzu sun zama samari, kuma kowannensu yana ɗauke da irin abin da Ganda ya ɗauko daga Indo-Cina. Idan ba su samu hanyar faɗinsa da bakinsu ba, wani zai faɗa musu, ya kuma sa musu sunan da ya ga dama.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Kulob ɗin da ya horar da Ganda ɗaki ne da 'yan kayan aiki da malami mai haƙuri, kuma wayar da ke aljihun ɗan acaba a yau ta fi kyamarar da Rouch ya yi aiki da ita sauƙin sarrafawa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, za su iya buɗe irin wannan aji a Funtuwa ko Malumfashi lokacin rani, a koya wa matasa rubuta labari da ɗaukarsa da tace shi. Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa, waɗanda suka nuna gwaninta a wannan fage, me zai hana a nemi izini a ba su Cabascabo su juya shi? Attajiranmu na hatsi da auduga kuma, kuɗin kujerar Umra ɗaya ya isa a tattara abin da ya rage na wasannin Kasagi da Samanja kafin faya-fayen su ruɓe.

Ɗan ƙanwata zai dawo idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, in Allah Ya yarda, domin gonar mahaifinsa tana jiransa. Na yi wa kaina alkawarin ba zan sake yi masa gori a kan suna ba. Zan zaunar da shi mu kalli fim ɗin nan na Treichville tare, ina fassara masa, sannan in tambaye shi abin da ban taɓa tambayarsa ba: yaya kwanan Legas yake, a ina suke kwana, wa ke karɓar musu kuɗi a hanya, me yake tunawa idan dare ya yi. In ya yarda, ya riƙe wayar da kansa ya faɗa. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya kuma zaunar da yankinmu lafiya.